Akushin Dutsen da Na Sassaƙa wa Baba a Dubai

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya shigo shagonmu a Ƙofar Ruwa, kafin ya taya tayel sai ya tambaye ni ko na hau dogon benen nan. Ban hau ba. Sai a ce to manyan kantunan fa? Nan ma ban leƙa ba. Abokina Mudi har cewa ya yi shi bai yarda na je ba, wai a Zariya na ɓuya mako biyu, tunda ko hoton kirki ban zo da shi ba, sai tafin hannu duk kanta. To ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya bar ni in yi ciniki.

Sai na fara da gida, in ba haka ba ba za a gane abin da ya same ni a can ba. Ni ɗan masassaƙa ne. Gidanmu yana wani ƙauye wajen Dambatta, turmi da taɓarya da allo da akushi muke yi tun kakanni. Muna da wata al'ada: ba a kiran ka masassaƙi sai ka sassaƙa akushi kai kaɗai, tun daga gungume har ƙonawa, ka kai wa maigida. In ya sa aka zuba masa tuwo a ciki ya ci, an yaye ka ke nan. In bai ci ba, ka koma daji neman wani itacen. Yayyena maza biyu duk Baba ya ci a nasu. Ni kuwa da na kai nawa ina ɗan shekara goma sha tara, ya kama bakinsa da yatsu biyu ya zagaya, ya ce gefen hagu ya fi kauri. Washegari na fito na ga akushina a tsakar gida kaji suna shan ruwa a ciki. A makon na tattara na tafi Kano, na ce ba ni ba gizago har abada.

Shekara goma sha bakwai muna gaisawa da Baba lafiya lau, amma maganar sassaƙa ba ta taɓa haɗa mu ba. Bara idonsa ya tafi gaba ɗaya, ya ajiye aiki. Ana saura kwana biyu in tashi, Yaya Hajara, babbar yayarmu da take kula da shi tun rasuwar Inna, ta kira ni ta ce jikin nasa sai a hankali, abinci ma loma uku yake yi ya ture. Sannan ta ce, "Sanusi, jiya fa ya tambaye ni wai ina akushin nan naka ya shiga. Na ce gara ta cinye shi tuntuni." Maganar nan ta tsaya mini a rai, da ita na hau jirgi.

Maigidana na kasuwa ne ya tura ni in duba tayel ɗin da ya saya kafin a loda kwantena, biza ta kwana goma sha huɗu. Tafiyata ta farko ke nan a jirgin sama, kuma ba zan yi ƙarya ba, duk addu'ar da na iya sai da na karanta ta, wasu sau biyu. Mun yada zango a wata ƙasa muka canja jirgi, muka sauka Dubai da hantsi. A wurin duba fasfo wata na'ura ce take duba idon mutum. Jami'in yana ta yi mini alama in buɗe ido, ni kuwa barci ya cika su, na ware har sai da hawaye ya zubo kafin ta yarda da ni. Sai kuma jaka. Matata ta cusa mini kuka da yaji da daddawa in kai wa Nafi'u, abokina tun firamare da yake aikin haɗa magani a can. Mai binciken ya kwance ƙullin daddawar, ya kai hanci, ya ja baya da sauri. Na yi ta kwatanta masa tukunya da juya miya da hannu. Ya dube ni da tausayi, kamar mai cewa wannan bawan Allah a ƙasarsu haka suke fama, ya ce, "Yalla, yalla," na wuce.

Nafi'u ya kama mini masauki a Al Ras, tsohuwar unguwa ce a bakin ruwa, ƙasan benen duk shagunan kayan ƙamshi. Mu huɗu ne a ɗakin, kowa da gadonsa, kowa da harshensa. A waje zafi kamar bakin murhu, a ciki sanyin na'ura sai da na nemi bargo. Abinci kuwa shinkafa ce safe da rana, mai kanumfari da wasu itatuwa da ban san ana ci ko ana tofarwa ba, sai wani shayi mai kauri da suke kira karak, wanda shi kam na yi kewarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin gaisuwa. Ku cika lif ku goma ba mai ce wa wani ina kwana. Kwana biyu ina yi musu sallama ni kaɗai, daga baya na haƙura.

Ranar farko da na shiga jirgin ƙasansu, wanda ba shi da direba, na ga wani tarago da sarari na faɗa ciki na zauna ina taunar goro abina. Sai na ga mata sun zuba mini ido. Nafi'u ya leƙo daga can yana yafito ni kamar gidansu ya kama da wuta. "Malam, fito! Na mata ne! Kuma haɗiye abin da ke bakinka, ba a cin komai a nan, tara ce!" Haka na haɗiye goro ko taunuwa bai gama yi ba.

Aikin maigida kwana uku ya ɗauke ni. Rumbun tayel ɗin yana can bayan gari, unguwar masana'antu, kuma jikinsa akwai wani fili da ake yanka farin dutsen nan, mabul. A rana ta uku ina tsaye a inuwa ina waya da Hausa, sai na ji an ce a bayana, "Ɗan'uwa, sannu da rana." Wani dogon mutum ne a kan motar ɗaga kaya. Sunansa Alhassan, ɗan zangon Kumasi ne, shekararsa shida a filin. Ya ja ni ciki in sha ruwan sanyi, a nan ne na ga wani tsoho.

Kowa a filin da inji yake aiki, shi kaɗai ne a gefe da guduma da cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake bugawa, yana fafe wani kwano na dutse da za a sa a farfajiyar masallaci. Ba'indiye ne, suna kiran sa Ustaz Karim, Alhassan ya ce su ma gadon gidansu ne. Ina kallo ya ajiye guduma, ya kama bakin kwanon da yatsu biyu, ya zagaya a hankali. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Hannun Baba ne sak. Ban san lokacin da na ce wa Alhassan ya tambayar mini shi ko zai bar ni in sassaƙa abu ɗaya a wurinsa ba.

"Chale, ka taɓa yi ne?" in ji Alhassan.

"Na taɓa yin na itace."

"Dutse ba itace ba ne fa, massa. Kwana nawa ya rage maka?"

"Goma sha ɗaya."

Ya yi dariya, amma ya faɗa masa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓi hannuna ya juya, ya ga laushinsa na mai zaman shago, ya taɓe baki. Sannan ya nuna mini tarin guntayen da aka yar a bayan fili ya ce in zaɓa.

Mudi ya tambaye ni me ya sa ban koma gida na yi na itace ba. Gaskiya girman kai ne. A gida da na ɗauki gizago duk dangi za su kewaye ni suna kallo, a nan kuwa ba wanda ya san ni, in na kasa ba mai kai labari. Kuma na so in kai masa abin da gara ba za ta ci ba.

Rigimarmu ta farko da Ustaz a kan zane ce. Mu a gida ba ma zana komai, ido ne ma'auni. Shi kuwa ya ce ba zan taɓa dutsensa ba sai ya ga abin da ke kaina a kan kwali. Yini guda na ɓata ina zane yana yagawa, har muka tsaya a kan ɗaya: akushi mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, da ɗan zoben gindi don ya zauna daram, da sara uku a jere ƙarƙashin baki, wanda shi ne alamar gidanmu. Ya yanka kwalin ya zama ma'auni. Sannan ya ba ni doka ɗaya, ya sa Alhassan ya maimaita mini sau uku: kullum bakin cizal ya fuskanci cikin dutse, inda nauyinsa yake, kada ya taɓa fuskantar baki.

Daga nan kwanakina suka zama iri ɗaya. In yi asuba, in hau jirgin ƙasa, in sauka in hau bas, in isa tare da motocin da suke kwaso ma'aikata daga Sonapur, unguwar da suke kwana. In ɗaure hanci da ƙyalle in yi ta bugu har la'asar. Dutse ba ya ba ka ɓawo mai tsawo kamar itace, ɗan tsaki yake ba ka, shi ma sai ya ga dama. Da na ƙara ƙarfi sai in ji tsohon daga can, "Shwaiya, shwaiya!" wato a hankali. Ran nan Nafi'u ya kai ni unguwar Satwa cin tuwo a ɗakin da suke haya su biyar, da miyar kukar da na kawo. Ya ga farar ƙura har cikin kunnena, ya ce, "Habibi, mutane suna sayar da gona su zo ganin garin nan, kai ka zo fasa dutse? Ko mall ɗaya cikin manyan kantunan nan ba za ka shiga ba?" Na ce masa in na gama. Shi ma ya san ba zan shiga ba.

A kwana na tara akushi ya fito, har Ustaz ya fara tsayawa a kaina ba ya cewa komai, wanda a wurinsa yabo ne. Nan ne hannuna ya sake, ya tuna aikinsa na da. A itace, in za ka gyara baki, waje kake sara, ka bi jijiyar itacen, ita za ta kai ka. To akwai wata jijiya ruwan toka da ta ratsa dutsen nan zuwa baki. Ban yi tunani ba ko kaɗan, hannun ne ya yi abinsa. Na ɗora cizal a kanta, na fuskanci waje, na buga. Ƙarar ma ba ta da yawa. Sai ga kusan kashi ɗaya cikin uku na akushin a ƙasa.

Na zauna a kan ƙura. Ina da shekara talatin da shida, da 'ya'ya uku, amma ji na yi kamar ina tsakar gidanmu ina kallon kajin nan. Na yi baƙin ciki irin wanda na daɗe ban yi ba. Ustaz ya zo ya ɗauki ɓallin, ya nuna mini jijiyar da farce, ya yi magana. Alhassan ya ce, "Wai a itace jijiya hanya ce, a dutse kuwa nan ne rauninsa." Sannan tsohon ya dube ni ya ce kalma ɗaya, da muryar tambaya: "Khalas?"

Wannan kam ba sai an fassara mini ba, tambaya yake ko shi ke nan an gama. Na ce masa da Hausa, "Ba a gama ba." Na tashi na nufi tarin guntaye. Wannan karon sai da na jiƙa kowane dutse da ruwa na duba, na zaɓi wanda ba jijiya ko ɗaya.

Kwana huɗu suka rage na aiki. Na haɗiye girman kaina na bari aka sare mini kusurwoyi da inji, amma fafewa da siffa na ce ba mai taɓa mini. Ustaz ya yi mini wata dabara: ya ɗora dutsen a kan buhun yashi, ya ce kada in ƙara zagaya shi, shi zan riƙa juyawa, don bakin cizal ya zauna yana kallon ciki. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Alhassan ya kawo mini man kaɗe a ɗan gwangwani, wanda mahaifiyarsa ta aiko masa daga Kumasi, ya ce, "Shafa sosai paa, kada ka ji komai. Ni tsohona ya rasu ina nan, ban kai masa ko hula ba." Na shafa na koma bugu. Ranar Juma'a ma daga masallaci filin na koma, mai gadi ya buɗe mini.

Ranar goma sha uku da azahar na sara alamar gidanmu, na ajiye guduma. Ustaz ya ɗaga akushin ya saita shi da rana, sai ga haske yana ratsa jikinsa. Ma'aikata suka taru suna kallo. Ustaz ya yi kira a kawo injin gogewa, don a garin nan komai sai ya yi ƙyalli kamar madubi. Na riƙe hannunsa na ce a'a. Na ce wa Alhassan ya gaya masa wanda zan kai wa ba ya gani, in aka goge sawun cizal, ba abin da zai karanta. Sai tsohon ya rufe idonsa, ya shafa bayan akushin tun daga gindi har baki, ya gyaɗa kai. Cikin kawai muka goge da samfefa da ruwa, don kada tuwo ya kama.

Amma da ya kama bakin da yatsu biyu ya zagaya, sai yatsun suka tsaya a wuri ɗaya. Gefen hagu. Na taɓa, na ji shi, kauri kaɗan ne amma yana nan. Na miƙa hannu zan ɗauki cizal, ya dafe shi. Alhassan ya ce, "Wai jikin ya yi siriri da yawa. In ka ƙara bugu ɗaya zai iya tafiya, kuma gobe jirginka." Shekara goma sha bakwai, da teku a tsakani, kuma laifin nan dai shi ne. Daga ƙarshe na ce to, haka zan kai shi, in kaji ne ma su sha ruwa a dutse. Na ba Ustaz sauran goron da nake da shi, ya gutsura, ya yamutsa fuska, ya sa sauran a aljihu don kada in ji kunya.

A filin jirgi kayana suka yi nauyi. Na zazzage takalma da turarukan tsaraba na bar wa Nafi'u ya turo ta kago, na naɗe akushin a cikin jallabiyata na rungume shi. Masu bincike sun sa na kwance shi sau biyu. A Kano kuma wani jami'i ya leƙa ya ce, "Alhaji, duk Dubai kwano ɗaya ka samo?" Na ce shi ma da ƙyar.

Ban kwana a Kano ba, kaya kawai na ajiye na hau motar Dambatta. Na isa bayan la'asar. Baba yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, ya rame fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali. Yaya Hajara tana bakin murhu tana kwashe tuwo. Na kwance jallabiyar, na ɗora masa akushin a cinya.

Ya ɗan zabura saboda sanyinsa da nauyinsa. "Wannan fa? Dutse ne?"

"Dutse ne, Baba."

Ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kasa kunne. Ya kife shi ya shafa gindin. Sannan yatsunsa suka hau bayan, suna bin sawun cizal ɗaya bayan ɗaya, har suka iso ƙarƙashin baki suka tarar da sara uku. Nan ya tsaya. Ya koma kansu ya sake ƙirgawa.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

Ya kama bakin da yatsu biyu ya fara zagayawa, ni kuwa na san inda za su tsaya, ina kallo suka isa wurin suka tsaya. Na sunkuyar da kai.

"Har yanzu hagunka ya fi kauri," in ji shi.

"Haka ne, Baba."

"Nawa ma haka yake. Sai da na yi shekara arba'in ina ɓoye shi da wuta." Ya ja numfashi. "Na so a ce kai ka fi ni ne, shi ya sa. Ban san tafiya za ka yi ba."

Yaya Hajara ta iso da kwanon silba da ta saba zuba masa, ta tsaya tana kallon mu. Baba ya ji motsinta. Ya tura akushin gabansa da hannu biyu, don ba ya iya ɗaga shi.

"Hajara, mayar da wannan kwanon. Zubo mini a nan."

Ta juye tuwon, ta zuba miya. Ya yi bisimilla ya kai loma. Na ƙirga, ban iya hana kaina ba: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A ta biyar ya ɗago kai wajen da yake jin numfashina, ya ce, "Masassaƙi, wanke hannu ka matso mana, ko sai na cinye?"